Jirgin da Ya Tare Ɗakin Ƙasa

Ƙanena mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in da 'yan kai yana zaune a wata 'yar rumfar gilashi a bakin tashar mota, da madubin ido ɗaya maƙale a goshi, har mutane suka manta sunansa, sai dai su ce Mai Agogo. Ni Auta nake ce masa, don ni na goya shi bayan rasuwar uwarmu, kuma ko da furfura ta cika masa kai ban fasa ba. Tun yana ƙarami ba ya iya fasa abu. Ka ba shi dafaffen ƙwai, sai ka cinye naka ka wanke hannu, shi yana nan yana lallaɓa ɓawon, wai kada ya farfashe. Na sha maka masa ludayi a ƙeya kan wannan hali. Bai bari ba, ni ce na gaji.

Matarsa tela ce, ni ma Tela nake kiranta, ita kuma ta ce min Yaya. Mace mai jiki, mai dariya, wadda in ta taka keken ɗinki duk layin sai ya san ta tashi. 'Ya ɗaya suka samu, ta yi aure can nesa inda sai an hau jirgin sama, muryarta kawai ke zuwa gida ta waya. Gidansu ɗan siririn bene ne da aka matse tsakanin shagon wani kafinta da gidan wani direban tasi. A ƙasa ɗaki ɗaya ne, sai kicin da banɗaki. A sama ɗaki biyu, na kwana da na ɗinki. Tsakaninsu matakala goma sha bakwai, da wata muguwar kwana a ta tara, inda ko katifa za a hau da ita sai an lanƙwasa ta. Ni ina layi biyu daga nan, kuma tun da mijina ya rasu kusan kullum ƙafata tana gidan.

Jirgin ya shigo gidan ne ta hanyar sana'a. Wani mutum ya kawo wa Auta ɗan kan jirgin ƙasa na wasa, bai wuce tafin hannu ba, irin mai tafiya da lantarki, ya ce a duba masa. Auta ya buɗe shi, ya wanke 'yan haƙoran cikinsa, ya sa mai, abu ya tashi. Mai shi bai sake dawowa ba. Shekara biyu jirgin yana kan kantar rumfarsa yana jira. Rannan Auta ya ci karo da 'yan guntayen layin dogo wajen mai kayan gwanjo, ya ce bari ya saya don ya gwada ko gyaran ya yi kyau. Daga gwaji, sai ga tarago uku. Daga tarago, sai ga katako. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji masu magana.

Shekara goma sha ɗaya yana gina abin nan a ɗakin ƙasa. Ya kafa teburin katako daidai ƙugun mutum, ya bi bango huɗu da shi, ya manne shi da bangon, ya faɗaɗa shi har ya zamana a tsakiyar ɗakin ba abin da ya rage sai ɗan fili da mutum ɗaya zai tsaya ya juya. A bakin ƙofa ya yi gada, ta yadda ba ka shiga sai ka sunkuya. Ni da ko gaban surukaina ban iya dogon rusunawa ba, sai ga ni ina durƙusa wa katako. Ya yi duwatsu da tsofaffin jaridu da filasta, ya huda rami ta cikinsu jirgi ya riƙa ɓacewa yana fitowa. Tsakuwar da ke ƙarƙashin layin, yashi ya tankaɗe da rariyar Tela sau uku, ya zuba da cokalin shayi, ya share da burushin haƙori, sannan ya riƙa ɗiga mata gam da aka tsinka da ruwa, ɗigo ɗigo, da sirinji. Agogon da ke jikin 'yar tashar jirgin da ya gina ma na gaske ne, daga agogon hannun mata ya ciro, kuma bai taɓa ɓata minti ɗaya ba.

Na ce masa, "Auta, wannan jirgin naka ina ya nufa ne?"

Ya ce, "Zagayawa yake, Yaya."

"To ai ni ma haka nake yi tsakanin kicin da banɗaki, ba wanda ya gina min gada."

Tela ta yi dariya har da riƙe ciki. Ita fa ba ta taɓa jin haushin abin ba. Cewa take, wasu mazan in sun tashi daga aiki sai an bi su da addu'a, nata kuwa ta san inda yake, daga sama tana jin ƙarar jirgin ta ƙarƙashin ƙafarta. 'Yan bishiyoyin da ke gefen layin duka ita ta yi, da waya da soson wanka da ta rina kore. Ta ɗinka wa tagogin tashar labule, kowane bai kai farcen ɗan yatsa ba. In na yi tsaki sai ta ce, "Yaya, bar shi, ya fi ya je ya zauna a bakin titi yana ƙirga matan mutane."

Sai ƙafafunta suka fara kumbura. Da farko ta ce zaman keke ne. Da takalmi ya ƙi shiga, aka je asibiti, aka ce ƙoda ce, duka biyun. Aka sa mata wankin ƙoda sau uku a sati, Litinin, Laraba, Juma'a, awa huɗu kowane zuwa. Cikin wata biyu macen nan mai jiki ta koma ba ta iya taka matakala uku ba tare da numfashinta ya sarƙe ba. Likita ya ce ta bar hawa bene, a nema mata wuri a ƙasa. Kicin ɗinsu ko tabarma ba ta shimfiɗuwa a ciki. Ni ɗakina a hawa na uku yake. Ba wani wuri sai ɗakin jirgi.

Na shirya faɗa, na wasa harshena tun daga ƙofar asibiti. Sai Auta ya ƙwace min makami, don ko gardama bai yi ba. Ya ce, "Yau zan fara cirewa. Ɗakinta ne." Ka ji mutum. Da ya ƙi, da na san yadda zan yi da shi.

Kafin a gama, sai aka riƙa sauko da ita a kan kujerar katako. Direba, maƙwabcin nasu, yana riƙe ƙafafun kujerar daga ƙasa yana ja da baya, Auta yana riƙe da majinginar daga sama. Ban yi boko ba amma na iya ƙirga: saukowa uku, hawa uku, sau shida ke nan a sati, kuma kowane sai an bi ta kwanar nan ta tara, inda dole a karkata kujerar, nauyin duka ya koma hannun daman wanda ke sama. Tela takan rufe ido ta ce, "Direba, in ka kayar da ni ba zan biya kuɗin mota ba." Shi kuma ya ce, "Anti, shekara ashirin ina tuƙi ban taɓa zubar da fasinja ba." Su suna dariya, ni ina ƙasa riƙe da jakarta.

Da na leƙa in ga yadda cirewar ke tafiya, sai na tarar da Auta tsaye a ɗan filin tsakiya, da madubinsa a ido, da hantsaki a hannu. Ya jera faranti shida a gefe. Ya jiƙa ɗan tawul da ruwan ɗumi ya ɗora a kan layin, wai sai gam ɗin ya yi laushi, sannan ya zura reza a ƙarƙashi ya ɗaga a hankali don kada ƙarfen ya lanƙwashe. Kowane guntu sai ya wanke shi, ya shanya, ya rubuta masa lamba a ciki, ya naɗe a takarda, ya sa a kwali. Bishiya ɗaya ɗaya yake tsigewa kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Yinin ranar abin da ya cire bai wuce tsawon hannuna ba.

Na ce, "Auta, wannan cirewa kake yi ko kaciya?"

"Yaya, in aka fizge shi ya lalace ke nan. Haka ake kwance agogo, abin da ya shiga ƙarshe shi ke fara fita."

"Matarka ba agogo ba ce. Kwana nawa?"

"Sati biyu, in Allah ya so."

Sati biyu ya wuce, bango ɗaya bai ƙare ba. Kada a ce min yana ha'inci, wallahi ba ya yi. Ya koma rufe rumfarsa da tsakar rana ya dawo ya tsaya a ɗakin nan har ƙafafunsa su yi tsami. Yatsunsa suka yi fari suka yamutse saboda ruwa. Ya rame. Sai dai hannun da ya shekara arba'in yana lallashin abin da bai kai ƙwayar gero ba, ba ya jin yaren sauri. In na matsa masa sai ya ce sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ƙirƙiro maganar nan bai taɓa ɗaukar mara lafiya a matakala ba.

A sati na huɗu na shiga shagon kafinta. Na ce, "Kai, in na ba ka ɗakin can, awa nawa za ka fitar min da komai?"

Ya ce, "Mama, da zarto da guduma? Awa biyu, har da shara. Amma Mai Agogo ya sani?"

"Shi na goya ko kai? Ranar Laraba suna asibiti awa huɗu, makulli yana hannuna."

Ya ce to. Muka tsayar da magana.

Kuskuren da na yi shi ne na gaya wa Tela. Ranar Talata ina shafa mata mai a ƙafa, na ce ta kwantar da hankalinta, gobe in sun dawo a ƙasa za ta kwana. Ta gane nan take. Ta kama min wuyan hannu, da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Yaya, kada ki sa masa zarto."

"Zarto kuwa har da guduma. Ke kin fi son a riƙa jigilarki kamar buhu?"

"Ni dai ki ji ni. Ciwon nan kin san inda yake kai mutum. In na tafi, ɗiyarmu ba dawowa za ta yi ba, ke kuma kin tsufa. In yana da kwalayen nan, zai samu abin da zai mayar ya haɗa. In kika farfasa, da me zai zauna?"

"Rufe min baki. Wa ya ce miki za ki wani wuri? Ke da za ki ɗinka min likkafani."

"Ki yi min alkawari."

Ni da ake cewa bakina ya fi reza, sai ga ni na sauko. Na yi mata alkawari. Washegari kafinta ya fito da kayan aikinsa, na ce ya mayar. Ya dube ni ya ce, "Mama, kin tabbata?" Na ce in ban tabbata ba zan aiko masa da takarda. Na zauna a kan matakala ta farko da makulli a hannu har suka dawo. Awa huɗu cur. Cikin abubuwan da na yi a duniya, wannan zaman ne ba na son tunawa.

Aka shiga sati na bakwai, bango biyu sun fita, saura biyu da duwatsun da gadar bakin ƙofa. Ranar Lahadi na ga Auta yana cin abinci da hagu, hannun dama yana cikin aljihu.

"Me ya samu hannunka?"

"Ɗan ƙwarzane ne, Yaya."

"Fito da shi."

Ya ƙi. Daga baya na ji cewa rezar ce ta kuɓuce masa a ƙarƙashin gadar, ta tsaga masa tafin hannu daga gindin babban yatsa har tsakiya. Ya naɗe da ƙyallen Tela ya yi shiru, don ya san in na gani zan ce a kira kafinta, kuma wannan karon ba mai hana ni.

Litinin da safe aka ɗora ta a kujera. Na tuna ta ɗaura sabon ɗankwali, tana cewa ma'aikatan asibitin sun fara gane ta da tsohon. Direba yana ƙasa, Auta yana sama. Suka sauko takwas lafiya. A ta tara aka karkata kujerar kamar kullum, nauyin ya koma hannun damansa, ciwon ya buɗe. Na ga jini ya bi katakon, na ga hannun ya zame. Kujerar ta juya, Direba ya rungumi iska. Tela ta fito ta gefe, ta bi sauran matakalan takwas, ta tsaya a gaban ƙafata. Ba ta yi ihu ba. Abin da na ji shi ne wata ƙara kamar an karya busasshen icce, kuma na san ba kujerar ba ce.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye. Aka ce aiki ya kamata a yi, amma da irin jininta da ƙodarta, in an kwantar da ita ba lalle ta farka ba. Sai dai a ɗaure, a ba ta maganin zafi, a jira. Likitan bai tambayi yadda aka yi ba, ya dai dubi hannun Auta ya ce a je a ɗinke masa. Ɗinki bakwai.

Da aka gama, Auta ya fita ya nufi unguwarsu. Na bi shi. Ya shiga shagon kafinta ya ɗauki babbar guduma da ƙarfen ɓanɓare ƙusa, kafinta ya buɗe baki zai yi magana, na yi masa alama ya yi shiru. Auta ya fara da gadar. Bugu ɗaya ta rabe biyu. Ya shiga ɗakin a tsaye, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya. Ya sa ƙarfen tsakanin katako da bango ya danna da ƙirjinsa, filasta ta riƙa zubowa, duwatsun suka fashe, tsofaffin jaridu suka fito daga cikinsu. Tashar da labulenta, da agogonta, duk suka bi ta ƙarƙashin takalminsa. Ɗinkin hannun ya sake buɗewa, bai tsaya ba. Ni ina bakin ƙofa. Sati bakwai ina roƙon a yi haka, ga shi ana yi, na kasa kallo. Kafinta da Direba suka riƙa kwashe tarkacen suna fitarwa bakin titi. Ko awa biyun da kafinta ya faɗa ba a cika ba. Na share, na wanke ƙasan sau uku saboda ƙura. Aka kwance gadon sama aka sauko da shi.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a asibiti kafin su ce mu tafi da ita gida, motarsu za ta riƙa zuwa ɗaukarta ranar wanki. A kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka shigo da ita, aka kwantar. Ta bi bangon da ido. Bango biyu sumul, sai ɗan layin da katako ya bari. Sauran biyun kuwa duk ramuka, siminti a waje, kamar an yi yaƙi. Shekara talatin tana ɗinki, ta san abin da aka warware da abin da aka yage.

Ta ce, "Yaya, ke ce?"

Na buɗe baki zan ce ni ce. Na saba ɗaukar laifinsa tun yana fitsarin kwance. Sai ya riga ni.

"Ni ne."

"Kwana nawa ya ɗauke ka?"

Ya ce, "Awa ɗaya da rabi."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Ashe ka iya." Ta juyar da fuskarta bango.

Ban san me take nufi ba har yau, ko haushin ƙugunta ne, ko haushin abin da ta so ya rage masa. Ban tambaya ba, ita ma ba ta ƙara ba. Ba ta yi gaba da shi ba. Yana ba ta ruwa da cokali tana karɓa, yana juya ta saboda gyambon kwanciya tana ce masa sannu. Amma dariyar ta tafi. Ta ce a riƙa barin ƙofar ɗakin da ta waje a buɗe, ta riƙa ganin ƙafafun masu wucewa. Wata mata ta zo neman rigarta da ta kawo ɗinki tun kafin ciwo, Tela ta ce in hau sama in ɗauko mata yadinta, ta ba ta haƙuri, ta kwatanta mata wani telan. Ɗiyarsu ta ce tana neman takardun tafiya. Kwana ashirin da shida Tela ta yi a ɗakin ƙasa. Ranar wata Laraba da hantsi, motar asibiti tana ƙofar gida tana jira, ta cika. Ɗiyar ta iso bayan kwana huɗu.

Yau shekara uku. Auta yana nan, a ɗakin yake kwana, kuma ya hana a shafe ramukan bangon. Na kawo mai fenti sau biyu yana korarsa. Yana fita rumfarsa kullum, ƙarfe takwas daidai. Tafin hannun ya warke ya bar tabo, yatsun suna aiki lafiya, likita ma ya ce ba abin da ya taɓa jijiya. Amma in ka kawo masa agogon da sai an buɗe cikinsa an zauna a kansa, zai juya shi sau ɗaya ya miƙo maka, ya ce ka gwada wani wuri. Batir yake canzawa, da maɗauri. Kana tsaye zai yi maka, ka biya ka tafi.